Wuri Goma Sha Biyun da Kika Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, bakwai ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, matar ɗana ta rasu a asibiti, a gado na uku daga taga, bayan jinyar sati shida. Ciwon hanta aka ce, irin wanda ba ya jin magani. Shekararta arba'in da tara. Ni mai saba'in da takwas ina zaune kusa da ita kan kujerar roba, ina ɓare mata lemon da ba za ta sha ba. Nas ta zo ta taɓa wuyanta, ta ce min, "Mama, sai haƙuri." Na ce na gani.

Yau kwana ashirin, 'yar nan, sai yau na iya zama in riƙe biro. Rubutuna kin san shi. Aji biyu na yi a makarantar manya, sauran ke kika ƙarasa min a teburin cin abinci kina faɗa ina faɗa. In akwai kuskure, babu mai gyara min yanzu, haka za a karanta shi.

Ba zan ce ke waliyyiya ba ce. Masu zuwa gaisuwa sun faɗi haka har kunnena ya gaji. Kina da taurin kai, ba kya barin magana ta wuce ki, girkinki kuwa har kika koma ga Allah gishiri bai taɓa isarsa ba. Na binne miji, na binne ɗa, na san yadda ake yabon mamaci har ya koma wani mutum da ba a taɓa gani ba. Ni ke nake so in faɗa, yadda kike. Kuma na san da za a ba ki izinin tambaya ɗaya daga inda kike kwance, kafin ki tambayi lafiyata sai kin tambayi aikinki. To kwana huɗu da rasuwarki aka zo har ɗakina aka gaya min ranar Litinin za a cire aikinki daga injin. Zan gaya miki yadda aka ƙare. Amma bari in fara yi wa masu karatu bayani, don ni kaina na ɗauki shekaru kafin in gane abin da kike fita yi kullum.

Kamfaninku ƙarami ne, a hawa na biyu, saman shagon masu sayar da fenti. Kuna haɗa injin ƙarin ruwa, wannan da ake ratayewa a jikin sandar gadon marar lafiya, shi ke tura ruwa da magani cikin jijiya a hankali, yana ƙirga abin da ya shiga. Wasu suna haɗa ƙarfen da robar. Ke kina rubuta umarnin da ke cikinsa, da wani yare da kika ce shi ne mafi kusa da cikin inji, babu kara babu kunya a cikinsa, abin da ka ce shi za a yi ko da shirme ne. Ni lokacin gani nake zaman banza ne. Mace ta wuni tana kallon allo tana danne-danne, ta dawo ta ce ta gaji. Injiniya nake kiranki, kuma kin san ba don girmamawa na fara ba.

Ranar da na fara ganewa, shayi ne ya jawo. Ni dai ba na yar da gwangwani, kowa ya sani. Na zuba garin sabulun wanki a gwangwanin madara na ajiye a kanta, kusa da sukari. Aka yi baƙi, kika haɗa shayi, kika zuba cokali uku-uku. Yayanki ya juya kofinsa sai ga kumfa tana tasowa kamar za a yi wanki. Da baƙi suka tafi na hau ki da faɗa, na ce duk gidan nan wa bai san sabulu ne a ciki ba. Kika ce, "Inna, gwangwanin bai sani ba, ni ma da na zo da sauri ban sani ba." Sai kika fashe da dariya har kina riƙe ciki, kika ce wallahi wannan shi ne aikinki, ba ragi ba ƙari.

Kika zaunar da ni kika ce cikin inji kamar sito ne cike da gwangwanaye iri ɗaya, dubbai, babu mai rubutu a jiki. Kowanne lamba ce kawai a cikinsa. In inji ya buɗe ɗaya ya ga sittin, bai san sittin ɗin mene ne ba. Ɗigo sittin ne, ko minti sittin, ko kilo sittin na marar lafiya, ko lambar wani gwangwanin ce da aka ce ya je ya duba. Mai rubutu ne zai faɗi irin abin da ke cikin kowanne. Yaren naku yana tambayar iri, amma sama-sama. A wurinsa lamba lamba ce, in ka ɗauki minti ka zuba a gurbin ɗigo ba zai ce maka uffan ba, in ma ya yi gardama akwai hanyar tilasta masa. Na ce to ku riƙa rubuta suna a jikin gwangwanin mana. Kika ce ana rubutawa, amma mai sauri ba ya karatu.

Washegari kika dawo da wata kwalba mai ƙaramin baki kika juye sabulun a ciki. Kika ba ni cokalin shayi kika ce in ɗebo. Cokali ya ƙi shiga. Kika ce haka kike so abu ya zama, ba a roƙi mutum ya kula ba, a yi shi yadda kuskuren ba zai shigu ba. Na ce kin ɓarnatar da kuɗin kwalba. Har yau tana nan a kanta.

Da ɗana ya rasu shekara tara da suka wuce, yayanki ya zo da mota bayan kin fita takaba, ya ce ki haɗa kaya. Ni ban ce ki zauna ba. Ba ni da bakin faɗa, kuma ko ina da shi ba zan faɗa ba. Ina ɗaki ina jin ku ta labule. Kika ce masa, "Yaya, tsohuwar nan ba ta bambanta farar ƙwaya ta safe da farar ƙwaya ta yamma. In na tafi, a sati ɗaya za ta bi ɗanta." Ya yi faɗa ya gaji ya tada motarsa. Masu nema suka zo, biyu na sani, ɗaya ma mutumin kirki ne. Kika ce ba ki da lokaci. Ni da ke muka zauna a gidan nan, jikata tana makaranta sannan ta kama aiki a wani gari, muna faɗa a kan taga, ke kina buɗewa ni ina rufewa. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, bare mu da ba mu zaɓi juna ba.

Shekara uku baya, wata ranar Alhamis, kika dawo da la'asar kika zauna a bakin gado da takalminki a ƙafa. Na kawo abinci kika ture. Na ce an kore ki ne. Kika ce da ma korar ce. Kuna gwada sabon inji a ofis, an saka masa jan ruwa, bakin robar yana cikin bokiti a madadin hannun mutum. Aka ce masa ya ba da kaza ya tsaya. Ya ba da kaza, bai tsaya ba. Ya yi ta turawa har jakar ruwan ta ƙare.

Na ce aljanu ne. Kika ce lissafi ne. A cikinsa akwai gwangwanin da ke riƙe da abin da ya rage a ba marar lafiya, kuma irin lambar da aka sa masa ba ta iya sauka ƙasa da sifili. Saura biyu, inji ya tura uku, aka ce ya cire uku daga biyu. Kika tambaye ni ko na tuna mitar tafiya ta babbar motar mijina, da yake direba ne. Kika ce in ta nuna sifili duka aka murɗa ta baya, me za ta nuna. Na ce tara-tara har ƙarshe, na taɓa gani a gareji. Kika ce to haka. Maimakon inji ya ga magani ya ƙare, sai ya ga saura dubu sittin da biyar da ɗari biyar da talatin da biyar. Lambar nan na haddace ta don kin yi sati kina maimaita ta kamar mai jan carbi. Kika ce, "Inna, da hannun yaro ne fa."

Wanda ya rubuta wannan layin abokin aikinki ne da kuke kira Dogo, mutum mai furfura, teburinsa na jikin naki shekara goma sha biyu. Ba ki kai ƙararsa ba. Kika ce laifinsa kaɗan ne, kowa zai iya yi ranar da ya gaji, yaren ne ya bar shi ya wuce. Aka gyara layin a rana ɗaya, kowa ya ce magana ta ƙare. Ke kika ce ba ta ƙare ba, wannan wanda bokiti ya kama ne, saura waɗanda bai kama ba.

Daga nan kika ɗauko aikin da ya ci miki shekara uku. Kika raba wa lambobin nan iri. Ɗigo irinsa daban, minti irinsa daban, nauyin mutum daban, abin da ya rage a jaka daban, kuma shi wannan ba a cire komai daga cikinsa kai tsaye, sai mai rubutu ya faɗi abin da za a yi in bai kai ba. Sannan kika gina wani mai dubawa a cikin kwamfuta, wanda zai karanta duk abin da aka rubuta kafin a ɗura wa inji. In ya ga an haɗa iri da wanda ba nasa ba, sai ya tsaya cak, ya ƙi bari a wuce. Ba a lallashinsa, ba a tilasta masa.

Ba su so ba. Aikin da mutum zai gama kafin azahar sai ya kai magariba yana gyara. Aka yi ƙarin girma aka tsallake ki, aka ce ba kya tafiya da mutane. Kika dawo kika gaya min kina yanka albasa, kika ce albasar ce ke sa ki hawaye. Ni kuma na ce ai na gaya miki, mutum ba ya zama sarkin gyara a gidan wasu. Abin da na ce ke nan. Na tuna, ba sai an tuna min ba.

Kin bi tsohon rubutun injin nan layi-layi kina shigar da shi sabon tsari. Wurin da mai dubawa ke tsayawa ya fi dubu da farko. Ranar da aka kwantar da ke saura arba'in da ɗaya. Likita ya hana ki kwamfuta, sai kika sa Dogo ya bugo miki wuraren a takarda, kika sa na sayo miki littafin rubutu mai baƙin bango. Kowace safiya in an gama allura, kafin jikin ya ɗau zafi, sai ki ce in ɗaga miki filo. Wuri ɗaya, wani lokaci biyu. Ki rubuta abin da mai dubawa ke ƙorafi a kai, da yadda za a gyara. Na ce ki bari ki huta. Kika ce hutu na nan zuwa mai yawa. Hannunki ya rame har zoben ɗana ya daina zama, kika ba ni na ɗaure a bakin zane.

Injin da aka rataya miki tsoho ne, na wani kamfanin. Ko shi ba ki ƙyale ba. Wata nas mai fara'a ta zo tana danna masa lamba, kika buɗe ido kika ce, "Ƙanwata, wannan ɗari da ashirin ɗin, a awa ne ko duka jakar?" Ta ce a awa ne, Anti. Kika ce, "Ke kin sani. Shi ya sani?" Nas ta kalle ni ta ce, "Mama, kullum haka take?" Na ce yau ma don ba ta da lafiya ne kika same ta da sauƙi.

Ashirin da tara kika yi. Ranar Juma'a biro ya faɗi daga hannunki, na ɗauko na mayar miki, ya sake faɗuwa. Kika ce in ajiye littafin, za ki ƙarasa in kin ji dama. Ba ki sake tambayarsa ba, don daga Asabar ba ki ƙara sanin inda kike ba sosai. Na dawo da shi gida cikin jakar kayanki, tare da silifas ɗinki da buroshi, na sa shi ƙarƙashin filona.

Ranar Asabar bayan rasuwarki Dogo ya zo gaisuwa. Ya zauna a ƙasa ya naɗe dogayen ƙafafun nan, ya yi addu'a, ya ƙi tashi. Na ce faɗi abin da ke bakinka, ɗan nan. Ya ce Manaja ya yanke, ranar Litinin za a kashe mai dubawa, a ɗura tsohon rubutu yadda yake, a fara kai injuna asibiti. Ya ce babu wanda ya san kan abin sai ke. Yana cikin magana sai ya ce, "Uwar Miji dai ba za ta bari a wuce ba, kuma mai lallashinta ta tafi." Sai ya kama bakinsa.

Na ce wace uwar miji. Ya yi ta kame-kame, na ce ba inda za ka sai ka faɗa. Ashe sunan mai dubawar ke nan a ofishinku, duk wanda ya shigo aiki da sunan yake saninsa. Uwar Miji ta hana, Uwar Miji ta ce a sake, yau Uwar Miji ta tashi da faɗa. Na ce wa ya raɗa masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ita ce, Inna." Shekara uku ana kiran sunana a wurin da ban taɓa takawa ba. Na ji haushinki wuni guda, ina gaya miki gaskiya. Mutum yana kabari ma sai ya ba ka haushi.

Na gaya masa akwai littafi. Ya ce in ba shi ya kai. Na ce a'a. Kwamfutarki tasu ce, sun aiko direba na ba shi. Littafin nan ni na saya, kuma shi ne abu na ƙarshe da hannunki ya taɓa da niyya. Amma na kwana biyu ina juya maganar. In na riƙe shi, ina da abin shafawa, su kuma su cire aikinki. In na ba Dogo, mutumin kirki ne amma ba shi da baki, za a karɓa a yi masa godiya a sa a durowa. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Litinin da safe na hau tasi. Matakalar nan taku ashirin da shida ce, na ƙirga, sau uku ina tsayawa, warin fenti yana hawa min kai. Na tarar da dogon ɗaki, tebura a jere, wayoyi ko'ina kamar saƙar gizo, injuna a kan benci kowanne da bokitinsa a ƙasa. Mutum goma sha ɗaya, duk suka miƙe. Wani ya ce, "Wa ake nema, Mama?" Na ce a gaya wa Manaja uwar mijin ce ta zo. Wani daga baya dariya ta kufce masa, ya mayar da ita tari.

Manajanku ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Ya ba ni kujerarsa, ya yi min gaisuwa har idonsa ya yi ja. Sannan ya ce, "Mama, asibiti biyar ke jiran injunan nan tun bara. Akwai ɗakin yara mai gado ashirin da nas ɗaya ke zagayawa da agogo a hannu, tana ƙirga ɗigo da ido. Duk satin da muka ƙara, akwai wanda ke jin jiki. Wuraren nan da suka rage tsohon rubutu ne, mun gwada shi ya fi awa dubu bai yi komai ba. Ni ma ina da nawa nauyin."

Gaskiya ya faɗa. Na ce, "Ɗan nan, ban san yaren injinku ba. Amma sati shida na yi zaune kusa da wanda aka sa wa ƙarin ruwa. Mai kwance ba ya iya cewa ya isa haka. Ku in inji ya yi shirme bokiti kuke ɗauka ku zubar." Na ciro littafin na ɗora kan teburinsa, hannuna a kai. Na ce, "Ga ashirin da tara an yi muku a gadon mutuwa. Saura goma sha biyu. Ku goma sha ɗaya ne, kowa da hantarsa lafiya lau. Ka gaya min sun gagare ku, in ɗauki littafina in koma."

Ya buɗe yana juya shafi, ya daɗe. Ya ga yadda rubutun ke lalacewa daga farko zuwa ƙarshe. Dogo na tsaye bakin ƙofa, sai na ji ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni sati biyu. In na bi yadda ta yi waɗannan, zan iya sauran." Manaja ya ce, "Kai da ka fi kowa zagin abin nan?" Dogo ya ce, "Ni kuma na cika bokiti."

Manaja ya rufe littafin ya ce sati biyu, ranar ashirin da bakwai. In Uwar Miji ba ta bari an wuce ba a ranar, zai cire ta, kuma kada wanda ya sake ɗauko masa tsohuwa. Na ce tsohuwa da ƙafarta ta zo.

Kafin in bar littafin na ce sai an karanta min shi. Ni in na buɗe ƙugiya-ƙugiya nake gani da lambobi. Dogo ya kai ni teburinki. Rigar sanyinki mai ruwan toka na rataye a bayan kujera, kofinki mai karyayyen hannu na nan da busasshen shayi a gindinsa, ba wanda ya iya taɓawa. Na zauna a kujerarki, ya zauna a tasa, ya karanta min tun daga bango har bango, ya kusa awa biyu. Ban gane ko kashi ɗaya ba. Ba don in gane na sa shi ba. Ina jira ne in ji ko a wani gefen shafi kin rubuta Inna kaza. Babu. Layi na kaza, an haɗa minti da daƙiƙa, a yi kaza. Haka har ƙarshe. Na ce ya duba bayan bango, ya duba, fari ne. Na tashi na bar masa, na ɗauki rigar sanyin na sauko.

Sati biyun nan ban kira ba, ban aika ba. Na sha ƙwayoyina yadda kika jera min su a akwatin nan mai gida-gida. Na buɗe tagar da safe, don babu wanda zan rufe wa.

Yau da hantsi waya ta yi ƙara, Dogo ne. Ya ce cikin goma sha biyun nan, goma sha ɗaya ba komai, ƙorafi ne kawai, an gyara rubutu an wuce. Manaja ya yi gaskiya a kansu. Ɗaya kuwa, wurin da ake sa nauyin jariri ne. Na jarirai da giram ake shigarwa, na manya da kilo. Akwai wata hanya, in nas ta canza jaka ana tsakiyar ba da magani, da giram ɗin ke faɗawa gurbin kilo, inji ya ɗauki jaririn da bai kai kilo uku ba a matsayin mai kilo dubu biyu da wani abu, ya auna masa magani a haka. Gwajinsu na awa dubu bai taɓa bi ta nan ba. Ya ce da ya nuna wa Manaja, sai ya shiga ofis ya rufe ƙofa, da ya fito ya ce ba a cirewa, ko yanzu ko nan gaba. Jibi za a fara kai injuna.

Ya ce, "Inna, ɗazu muka ba Uwar Miji rubutun duka, ta bari an wuce."

Na ce me ta ce.

Ya ce, "Ba ta cewa komai. In akwai kuskure sai ta cika allo da faɗa. In babu, shiru kawai take yi."

Na ce wannan wane irin rashin kirki ne, mutane su sha wahala haka ko madalla ba za a ce musu ba. Ya ce sun roƙe ki ki sa ko kalma ɗaya, kika ƙi. Kika ce musu haka ta gida take. Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa ce miki kin kyauta ba, amma duk ranar da ta duba abin da kika yi ta wuce ba ta ce komai ba, kin san ta yarda, kuma kina kwana da daɗi.

Na ajiye wayar ban yi masa sallama ba. A kan mijina ban yi kuka a gaban kowa ba, a kan ɗana ma sai da aka watse. Yau maƙwabciya ta jiyo ni ta katanga ta shigo da gudu babu takalmi.

Ban sani ba, 'yar nan, ko gaskiyar zuciyarki kika gaya musu, ko asirina kika rufa a gaban mutane. Ni na san shirun nan. Wani lokaci yarda ce, wani lokaci girman kai ne kawai na tsohuwar da ba ta iya buɗe baki ta yaba wa 'yar wani. Sati shida ina zaune kusa da kanki, kunnenki na ji, ban faɗa ba. To ga shi da hannuna, kowa ya karanta. Kin kyauta. Kin kyauta wa ɗana, kin kyauta min, kin kyauta wa 'ya'yan mutane da ba za su taɓa sanin an yi ki ba. Aikinki na nan, ba a cire ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi. Ya sauƙaƙa miki tambaya, kada Ya tsananta miki bincike yadda na tsananta miki. Duk hannun da injin nan zai shiga ya fita lafiya, Allah Ya kai ladan kabarinki. Ya haɗa ki da mijinki a gidan rahama. Ni na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ni ce mai neman yafiya, kuma na makara.

Ina yi wa jikata ta'aziyya, wadda ta rasa uba tana ƙarama, yanzu ta rasa uwa, aka bar mata kaka mai faɗa. Ina yi wa yayanki da ƙannenki, na gode da aron da kuka ba ni, ban mayar muku da ita ba. Ina yi wa Dogo da Manaja da duk mutanen hawa na biyu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, tawa kuma na san ba ta da nisa.